Dabaran: Akwai Shi A Sama Da Gaske, Ko Sunan Kwanaki Ne Kawai A Lissafin Manoma?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin sama da malamanmu. A lissafin taurarin noma da ake yi a ƙauyukanmu na wajen Funtuwa akwai wanda ake kira Dabaran. Shi ne autan taurarin bazara, daga shi sai Haƙ'a, damina ta kama. Sunan kam kowa ya san shi, za ka ji dattijo na cewa yau kwana kaza da shigar Dabaran. Amma duk wanda na ce ya nuna min shi da yatsa sai ya yi shiru. Shin akwai tauraro na gaske mai wannan suna, ko kuwa sunan kwana goma sha uku ne kawai a takarda?

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Akwai shi, Baban Khalifa, kuma ka yi tambayar a kan gaɓa, don cikin Janairu ya fi daɗin gani. Ka fita tsakanin ƙarfe tara da goma na dare, ka ɗaga kai sosai. Ka fara neman taurarin nan uku da suke jere a layi ɗaya, tazararsu daidai wa daida. Ka bi layinsu zuwa arewa maso yamma, za ka ci karo da wani mai haske, launinsa ruwan goro. Shi ne Dabaran. In ka ci gaba a kan layin za ka isa Kaza da 'Ya'yanta. Miƙe hannu ka auna: tsakaninsa da Kazar kimanin dunƙulen hannu ɗaya da rabi ne. Yana cikin burujin Sauru, wato Bijimi, kuma shi ne na goma sha huɗu a haske cikin duk taurarin dare.

Maman Iman:
Malam Nura, na fita yanzun nan da yara, amma jajaye biyu muke gani. Wanne ne a ciki?

Malam Nura:
Wanda ke ɓangaren Kazar, Hajiya. Ɗayan da ke kusa da ukun nan, ta arewa maso gabas da su, wani ne daban, Turawa na ce masa Betelgeuse. Alamar da ba ta ruɗi: Dabaran yana zaune a bakin wasu ƙananan taurari da suka yi siffar harafin V. In da hazo, ƙananan za su ɓuya, sai a sake gwadawa daren da iska ta lafa.

Baba Liman:
Madalla da wannan tambaya. Ɗana Baban Khalifa, abin da manomanku ke ƙirgawa shi ake kira manazilul ƙamari, masaukan wata, guda 28. Allah ya ambace su a Suratu Yasin aya ta 39 da Suratu Yunus aya ta 5. Wata yakan sauka a ɗaya kowane dare har ya zagayo. Ita kuwa rana takan yi kwana 13 a kowanne, ban da Jabaha da aka ba 14, shi ya sa lissafin ke cika 365. Aka raba su bakwai-bakwai: bazara, damina, kaka, ɗari. Dabaran shi ne na huɗu a jerin Larabawa, bayan Nuɗuha da Buɗaina da Surayya. Surayyar nan ita ce Kaza da 'Ya'yanta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da takardar lissafin nan a cikin gafakarsa, gida 28 an ja su da jan tawada, sunayen da baƙa. Gefenta duk ya cinye saboda yawan taɓawa. Bayan sallar asuba manoma kan tsaya a ƙofar zaure su tambaye shi kwana nawa suka rage, ya ɗora yatsa a kan gidan ya ƙirga musu.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu. Sai dai ga abin da ya ɗaure min kai. In tauraron bakin damina ne, me ya kawo shi tsakar ka a tsakiyar sanyi?

Malam Nura:
Nan ne gaɓar maganar, kuma shi ne dalilin da ya sa dattawanku ba su iya nuna maka shi ba. Lokacin da ake cewa Dabaran ya shiga, ma'anarsa rana ce ta iso wajensa. Rana na giftawa ta kusa da shi wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. A kwanakin nan tare suke fitowa, tare suke faɗuwa, haskenta ya rufe shi ɗungum. Manomin da ya ɗaga kai a daren da aka ce masa Dabaran ne ke ci, ba zai gan shi ba ko da sama ta yi garau. Sai wajen tsakiyar Yuni yake fara leƙowa ta gabas gab da fitowar alfijir. Bayan wata shida kuma, farkon Disamba, ya koma kishiyar rana: ya fito da magariba, ya kwana a sama. To ka ga sunan yana bakin mutane a lokacin da ba a ganinsa, lokacin da ake ganinsa kuma ba mai ambatonsa, ana ta sussuka da kai amfani gida. Haka sunan da tauraron suka rabu a wajenmu.

Abu Sumayya:
Ina da ja a kan wannan zance gaba ɗaya, kuma don Allah a fahimce ni. Hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani yana cikin Bukhari da Muslim: an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da safe Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda kuwa ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Yanzu mu zo muna koya wa mutane Dabaran ya shiga, Haƙ'a ta kawo damina? Daga nan ai sai duba. Ku duba shafukan da ke cewa wai in burujinka Sauru ne yau za ka samu kuɗi. Ƙofa ɗaya ce.

Baba Liman:
Allah ya yi maka albarka, ɗana, kishin addini ne ya sa ka magana. Hadisin ingantacce ne, ba mai musu. Amma malamai sun rarrabe. Imamu Shafi'i ya yi bayani cewa wanda ya ce an yi ruwa saboda tauraro, yana nufin tauraron ne ya saukar, wannan kafirci ne. Wanda kuwa ke nufin an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, kamar ya ce a watan kaza, bai kafirta ba, ko da yake barin lafazin ya fi. Kuma Bukhari ya kawo maganar Ƙatada cewa an halicci taurari don abu uku: ado ga sama, jifan shaiɗanu, da alamomin gane hanya. Ga aya ta 16 a Suratun Nahli. Manomin da ya ce saura kwana biyar Dabaran ya fita, bari in gyara garma in tanadi iri, kwanan wata yake ƙirgawa. Ban taɓa jin ɗayansu ya roƙi Dabaran ruwa ba. In ruwa ya yi jinkiri, filin idi suke fita roƙon ruwa.

Abu Sumayya:
Baba, na ji bayanin. Amma a aikace akwai masu haɗa lissafin nan da zaɓen ranar aure da ranar tafiya, su ce tauraro kaza na nahisa ne. Wannan fa?

Baba Liman:
Wannan kam ba na tare da su, kuma ina faɗa musu a gabansu. Larabawan jahiliyya ma sun camfa Dabaran ɗin nan, ba sa son ruwan da ya zo a lokacinsa. Musulunci ya rushe camfin, bai rushe ƙirga ba.

Malam Nura:
Ustaz, bari in ba ka hujja daga ɓangarenmu, za ta yi maka daɗi. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin wani layi a hankali, zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 26,000. Saboda haka ranar da rana ke riskar kowane tauraro tana yin jinkiri da kwana ɗaya duk bayan kimanin shekara 72, idan aka gwada da lokutan shekara. Cikin shekara dubu an samu wajen mako biyu ke nan. Damina kuwa ba ta bi tauraron ta matsa ba, domin ita tafiyar rana arewa da kudu take bi, da iskar da ke ɗauko laima daga teku. Da Dabaran ne ke kawo ruwa, da damina ta bi shi. Alama ce kawai, kuma alamar ma tana gocewa sannu a hankali. Masu duban buruji kuwa wannan lissafi ya fi kowa tona musu asiri: kwanakin da suke cewa rana na cikin Sauru, daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 20 ga Mayu, a yawancinsu rana tana cikin burujin Rago ne a sama ta gaske. Jadawalin sama da shekara dubu biyu suke riƙe da shi.

Abu Sumayya:
Wannan hujja ce mai kyau, zan yi amfani da ita. Duk da haka ina nan a kan cewa duk mai koyar da abin nan ya fara da gargaɗin kafin sunayen.

Elhaji Ɗan Agadas:
Sannunku da hira. Mu nan Agadas tauraron nan ta kan tsakar kanmu yake bi. In ka kwanta rigingine a kan tabarma a soro, ba sai ka karkata wuya ko'ina ba, yana daidai saitin hancinka. Buzayenmu na kiran Kazar da Shat Ahad, 'yan matan dare, babban gungun nan mai taurari uku a tsakiya kuma Amanar, wato jagora. Madugan ayarin gishiri da ke zuwa Bilma sun san su sarai, don da sanyi ake tafiyar, lokacin da suke sama.

Malam Nura:
Gaskiya ne Elhaji, lissafi ma ya ba ka. Dabaran yana digiri 16 da rabi arewa da layin da ya raba sama gida biyu, kudu da arewa, Agadas kuma tana kusan digiri 17 arewa da irin wannan layi na duniya, don haka kusan daidai kanku yake ratsawa. Mu a Kano, da muke digiri 12, yakan ɗan karkata arewa kaɗan.

Zainab A.:
Ni abin da ke ci min rai shi ne na buɗe manhajar taurari a waya na ga an rubuta Aldebaran, a ƙasa kuma Alpha Tauri. Wato sun ɗauke sunan Larabawa sun lanƙwasa shi, sannan suka liƙa nasu a kai kamar su suka gano shi.

Malam Nura:
'Yar'uwa, ni ban ɗauke shi sata ba. Da sata ce da sun goge sunan. Abin da ya faru shi ne ilimin ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu. Baɗlamus, masanin taurari na Girkawa, ya rubuta jerin taurarinsa a Iskandariyya wajen shekara ta 150, ya siffanta wannan da cewa shi ne mai hasken da ke kan idon Bijimi. Aka fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. A shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta Suwarul Kawakib, ya haɗa siffofin Girkawa da sunayen da Larabawan ƙauye ke kira tun kafin Musulunci. Daga baya aka yi ta juya littattafan Larabci zuwa Latin a Andalus, musamman a birnin Toledo, sunaye irin su ad-Dabaran suka shiga bakin Turawa suka zauna. Shi kuwa Alpha Tauri lamba ce ta rajista. Wani Bajamushe, Johann Bayer, ya fito da tsarin a 1603: harafin Girkanci haɗe da sunan buruji, galibi mafi haske ya samu harafin farko. Kuma a 2016, da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta zauna tantance sunaye a hukumance, sunan Larabcin ta tabbatar masa.

Baba Liman:
Ma'anar sunan kuwa mai biyowa baya. Surayya ta fito, bayan kamar sa'a guda shi ma ya fito, ya bi ta har su faɗi, bai taɓa cim mata ba. Larabawa na da tatsuniya a kai. Wai ya nemi auren Surayya ta ƙi shi saboda talauci, sai ya tafi ya tara 'yan raƙuma ya koro su a matsayin sadaki, yana biye da ita har yau. Ƙananan taurarin nan da ke kewaye da shi su ne raƙuman, suna ce musu al-Ƙilas. Shi ya sa suke kiransa Hadin Najmi, mai kora a bayan Surayya, har suna buga misali da shi wajen cika alkawari. Yana da wani sunan kuma, al-Mijdah. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tattara irin waɗannan a littafinsa na Anwa'i.

Maman Iman:
Allah sarki, ya ba ni tausayi. To Malam Nura, raƙuman nasa ne da gaske? Ina nufin tare suke?

Malam Nura:
Ko kusa, Hajiya. Ido ne ke haɗa su. Hasken Dabaran yana yin kimanin shekara 65 kafin ya iso mu, alhali na rana minti takwas da 'yan kai yake yi. Gungun da ke bayansa, wanda Turawa ke kira Hyades, yana wajen shekarar haske 150, ya ninka nisansa fiye da sau biyu. Kazar kuma ta wuce 440. Shi dai ya faɗo a kan layin ganinmu ne kawai. Su gungun tare aka haife su, tare suke tafiya, shi kuwa hanyarsa daban.

Jan launin nasa kuma alamar tsufa ce. Ya ƙone haidurojin da ke cibiyarsa, sai ya kumbura. Nauyinsa bai fi na rana da wani abin kirki ba, amma faɗinsa ya ninka nata kusan sau 44. Da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya cinye fiye da rabin tazarar da ke tsakaninta da Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da ita. Da ya kumbura sai fatarsa ta huce, tana wajen digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyos, ta rana kuwa wajen 5,500. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙarfe yakan fara yin ja, in zuga ta yi ƙarfi ya koma fari. Haka taurari suke, ja shi ne mai ƙarancin zafi. Amma saboda girman jikinsa, hasken da yake fitarwa ya ninka na rana fiye da sau 400. Ranarmu ma nan ta dosa, bayan shekaru biliyan biyar ko makamancin haka.

Zainab A.:
Na karɓi bayanin tarihin. Amma har yanzu ina ganin ya kamata mu samo masa suna na Hausa tsantsa. Muna da Gamzaki, muna da Zara, muna da Kaza da 'Ya'yanta. Me zai hana shi?

Baban Khalifa:
Malama Zainab, a nan kam ban bi ki ba. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta jin Larabci, amma Dabaran na bakinta kamar yadda Talata da Laraba suke. Sunan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana shuka da shi ya zama namu. In muka ƙirƙiro sabo a waya, wa zai kai wa manomin? Ni damuwata ita ce yaranmu ba su san ko wanne ba, na Larabcin ko na Hausar.

Zainab A.:
Wannan damuwar kam muna tare. Amma ina roƙon duk wanda ya ji wani suna daban a garinsu ya rubuto, kar tsofaffin su tafi da shi.

Injiniya Sadiq:
Ƙarin bayani kaɗan. Kumbon Pioneer 10 da hukumar NASA ta harba a 1972 ya doshi ɓangaren Dabaran ne. An daina jin ɗuriyarsa tun Janairun 2003, kuma zai ɗauki wajen shekara miliyan biyu kafin ya kai yankin. Sannan an daɗe ana muhawara ko akwai wata babbar duniya da ke zagaya shi. An fara zargin haka a 1993, a 2015 wasu masana suka ce sun tabbatar, tana zagayowa cikin kwana 629, a 2019 wasu suka sake auna bayanan suka ce hujjar ta yi rauni, wataƙila motsin jikin tauraron ne da kansa.

Elhaji Ɗan Agadas:
Akwai shekarar da na ga wata ya matso dab da shi, can sai na neme shi na rasa. Idona ne ko kuwa?

Malam Nura:
Ba idonka ba ne, Elhaji, wata kan rufe shi. Dabaran na kimanin digiri biyar da rabi kudu da hanyar rana, hanyar wata kuma a karkace take da kusan digiri biyar, tana jujjuyawa cikin shekara 18 da 'yan watanni. In ta karkato ta wajensa sai a yi 'yan shekaru wata na rufe shi kowane zagaye, ana gani daga wani yanki na duniya. An yi haka daga 2015 zuwa 2018, sai kuma 2033 in Allah ya kai mu. Abin kallo ne, don ba ya dushewa a hankali, ɗauke shi ake yi farat ɗaya. Kuma yana cikin taurarin da Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila, ya gwada matsayinsu da tsoffin ma'aunan Girkawa a 1718, tare da Shi'ira da ke cikin Suratun Najmi, ya ce taurarin da ake zaton a kafe suke, su ma tafiya suke yi.

Adam Maiwurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Lissafin nan yana nan da ransa a wajenmu, manoman Jazira da Gadarif kowa na yin sa. Sai dai mu ba daga Haƙ'a muke fara ƙirgan damina sosai ba, daga Zira'a ne, cikin Yuli, don ruwanmu na zuwa a makare. Baba Liman, don Allah a jero mana bakwai na damina yadda kuke faɗa, in gwada da namu.

Baba Liman:
Wa alaikumus salam, ɗana, a gaishe mana da 'yan'uwa na can. Ga su: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan. Na ƙarshen nan a littattafan Larabawa za ka fi samunsa da sunan Zubra. Ku yaya kuke ce masa?

Adam Maiwurno:
Khairasan muke cewa, Baba, kusan ɗaya da naku. Nasara kuma Natra, ita da Ɗarfa da Jabaha su ne masu ruwa sosai a nan. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya haddace jerin duka 28 da abin da ake shukawa a kowanne. Zan je wajensa ranar Juma'a bayan an sauko, in ya yarda in ɗauki muryarsa in turo muku.